Gyaran Kasuwa: A Bar Wa Mai Ƙafa Hanya, A Bar Wa Mai Tebur Wuri

 



Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan gyaran kasuwa da unguwar ciniki, wato abin da ya kamata mu nema idan hukuma ko masu kuɗi suka zo da niyyar rushe tsohon gini su tayar da sabo a nan Agege da kewayenta. Mu dai ba injiniyoyi ba ne, 'yan kasuwa ne, to amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganar da muka zo da ita guda ɗaya ce: duk gyaran da zai hana mai tafiya da ƙafa isowa bakin rumfa, ko ya hana ƙaramin ɗan kasuwa komawa wurinsa, to ba don mu aka yi shi ba. Kuma lokacin faɗin haka shi ne tun ana zane a takarda, kafin motar rusau ta iso.

Jama'a, me ya sa wannan magana ta taso yanzu? Ai kowa ya ga yadda Agege ta sauya cikin 'yan shekarun nan. A watan Maris na 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema. A watan Yuni na 2021 aka ƙaddamar da sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan, wanda yake da tasha a nan garin. A ranar 29 ga Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da jirgin cikin gari da ake kira jan layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, kuma ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na shekarar. To duk inda tashar jirgi ta sauka, filin da ke kusa da ita yakan yi tsada, kuma idan fili ya yi tsada, mai shi ba zai so ya ci gaba da karɓar hayar rumfar kwano ba, alhali ga wani yana ce masa zai gina bene mai hawa huɗu. Wannan lissafi ne na kasuwa, mu da kanmu mun san shi.

Dama jirgi ne ya kafa mu a nan. Tun 1901 aka buɗe layin dogo daga Ikko zuwa Ibadan, a 1912 ya haɗe da Kano, gonakin goro na wannan yanki kuwa su suka jawo kakanninmu suka yada zango kusa da tasha. Saboda haka ba mu da gaba da jirgi, ba mu da gaba da gini. Wa ke son taɓo a ƙofar shagonsa da damina? Wa ke son wayoyin lantarki a harɗe bisa kwano, ko lungun da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba? Muna son gyara fiye da kowa. Abin tambaya shi ne, idan an gama gyaran, su wa za a tarar a ciki?

Bari mu duba abin da ya faru a gabanmu cikin wannan jiha, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Kasuwar Tejuosho da ke Yaba ta ƙone a watan Disamba na 2007. Aka sake gina ta da kuɗin 'yan kasuwa masu zaman kansu, aka buɗe a 2014, gini mai kyau, hawa-hawa, da wurin ajiye motoci. Amma kuɗin shago ya kai miliyoyin naira, kuma shekara bakwai aka yi tsakanin wuta da buɗewa. Mai sayar da gwanjo a tebur ina zai iya jiran shekara bakwai, ina kuma zai samo miliyan? Da yawa daga cikinsu sai suka koma gefen titi da bakin layin dogo, masu sayayya kuma suka bi su can.

A Oshodi, a watan Janairu na 2009 aka share rumfunan da suka cushe titi da layin jirgi. A watan Janairu na 2016 aka rushe kasuwar Owonifari, aka ce 'yan kasuwar su koma Isopakodowo da ke Bolade. A wurin aka gina babbar tashar motoci mai sassa uku da gadar ƙafa da ta haɗa su, wadda aka ƙaddamar a 2019. Gaskiya hanya ta buɗe, ba wanda zai musa. Sai dai waɗanda aka tasa sun yi ta kukan cewa wurin da aka kai su ba ya kan hanyar masu wucewa.

A Mile 12 kuwa, inda 'yan'uwanmu 'yan gwari suke, bayan rikicin watan Maris na 2016 da aka yi asarar rayuka, an rufe kasuwar kimanin mako biyu, gwamnati kuma ta ba da sanarwar za ta mai da ita Imota, can bayan Ikorodu. Kasuwar ba ta tashi ba, amma kowa ya ga yadda magana ɗaya daga sama take iya girgiza abincin dubban gidaje.

Abin da ya haɗa waɗannan uku shi ne, 'yan kasuwa sun ji labari ne bayan an gama yanke shawara. Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane.

Yanzu mu zo kan maganar ƙafa. 'Yan'uwa, kowa ya tsaya a bakin rumfarsa gobe ya ƙirga masu sayen kayansa daga safe zuwa azahar. Nawa ne suka zo da motar kansu? Mafi yawa sun sauka ne daga danfo, ko keke, ko jirgi, ko sun tako daga gida. Mai sayen goron naira ɗari biyu, mai sayen albasa kashi ɗaya, mai tsayawa wurin mai shayi ko mai tsire, duk ƙafa ce ta kawo su, kuma galibi ba don mu suka fito ba, wucewa suke yi ido ya faɗa kan kaya. Cinikinmu ruwa ne mai bin kwari, kwarin kuwa shi ne hanyar da mutane ke bi daga tasha zuwa gida. Idan aka karkatar da wannan hanya, ko da taku ɗari ne, layi guda na rumfuna sai ya mutu ba tare da an taɓa kwanon kowa ba.

Masu tsara gari suna lissafin cewa mutum yakan yi tafiyar mita 400 cikin minti biyar. Abin da ya wuce minti goma, mai kaya a ka ko mace mai goyo ba za su yi marmarinsa ba. To ku duba abin da katanga take yi. An killace layin dogo, kuma killacewar tana da dalili, domin ba mu manta da hatsarin watan Maris na 2023 a Ikeja ba, inda jirgi ya yi karo da motar ma'aikata aka rasa rayuka. Amma idan aka ja katanga ba a bar mashiga a kusa ba, wanda da can minti biyu ke raba shi da kasuwa, yanzu sai ya yi zagayen minti goma sha biyar. Haka gadar sama: tana ɗauke mai mota ta bisa kanmu ta sauke shi can gaba, ta rage cunkoso, amma ba ta kawo wa na ƙasa ciniki sai an gyara ƙarƙashinta don masu tafiya.

Saboda haka, ga abin da muke ganin ya kamata wakilanmu su riƙe game da hanya, duk ranar da aka kira su.

Na farko, hanyar ƙafa ta tashi daga ƙofar tashar jirgi da tashar mota ta ratsa cikin kasuwa, kada ta kewaye ta. Ta zama mai faɗin da baro biyu za su wuce juna, an rufe lambatun da ke ƙarƙashinta da murfin kankare, ba tare da ramuka ko turakun talla a tsakiya ba.

Na biyu, duk gadar ƙafa da za a yi a kan titi ko layin dogo, a yi mata gangare ban da matakala. Ɗan dako mai huhun goro, mai tura baro, tsoho, gurgu mai keke, ba su iya hawa matakala arba'in. Idan gada ba ta ɗauke su ba, za su tsallaka ta ƙasa, daga nan sai a ce mutane ba su da ɗa'a.

Na uku, a titin da ya ratsa kasuwa a rage gudun mota. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a inda mutane da motoci suke cakuɗa, domin wanda aka buge a wannan gudu yakan tsira, wanda aka buge a ninkinsa kuwa sai wani ikon Allah. A sa tudun rage gudu da wurin tsallakawa a daidai inda mutane suka saba tsallakawa, musamman ƙofar makaranta, masallaci da coci.

Na huɗu, a ware wa tireloli da manyan motoci wurin sauke kaya a bayan kasuwa, da lokacinsu, misali daga tsakar dare zuwa hantsi. Kasuwar da ba a yi wa tirela wuri ba, tirelar za ta yi wa kanta wuri a kan hanyar mutane.

Na biyar, fitila da inuwa. Iyayenmu mata da 'yan gwari suna fitowa tun kafin asuba, wasu ba su tashi sai bayan isha. Hanyar da ba haske ta zama ta ɓarayi.

Wannan ba roƙon alfarma ba ne. Hukumar LAMATA mai kula da sufuri a Legas tana da rubutacciyar manufa tun 2018 game da masu tafiya a ƙafa da masu keke. Abin da za mu ce shi ne a aiwatar da ita a unguwarmu.

Sai kuma maganar adalci, wato wa zai koma. A nan ne aka fi cutar ƙananan mutane, kuma yawanci ba da bulala ba, da takarda da farashi.

Da farko a yi ƙidaya kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya. A rubuta mai shago, a rubuta wanda ke haya a hannunsa, a rubuta mai tebur, mai faranti, mai shayi, mai gyaran takalmi, mai yankan farce da 'yan dako. A liƙa sunayen a fili mako biyu kowa ya gani. Idan ba a yi haka ba, ranar rabon shago za ku ga sunayen mutanen da ba su taɓa sayar da ko ashana a kasuwar ba.

Na biyu, a yi aikin kashi-kashi. A tashi layi ɗaya, a gina, a mai da mutanensa, sannan a taɓa na gaba. Wurin zaman wucin gadi kuma kada ya wuce tafiyar minti biyar daga tsohon wuri, domin abokin ciniki ba ya bin mutum da adireshi.

Na uku, a faɗi farashi a rubuce tun kafin rusau, a ba tsofaffin mazauna fifiko da rangwame, a bar su su biya kaɗan-kaɗan cikin shekaru. A kuma gina ƙananan wurare da tebura masu rufi waɗanda ake biya kullum ko duk wata. Kasuwar da duk shagunanta manya ne masu ƙofar gilashi, ta riga ta zaɓi waɗanda take so tun a takarda.

Na huɗu, hawan ƙasa na masu kayan abinci da kaya masu nauyi ne. Ba wanda zai hau bene na uku don sayen tattasai. Ofisoshi, teloli, masu gyaran waya da ɗakunan ajiya su ne na sama.

Na biyar, ruwa, makewayi na maza da na mata daban, wurin alwala da salla, wurin zubar da shara, da sito inda mai tebur zai kwantar da kayansa da dare. Waɗannan su ake fara yankewa idan kuɗin kwangila ya yi ƙasa, don haka su shiga cikin yarjejeniya da sunansu.

Wani zai ce, Alhaji, wannan ai mafarki ne, wace hukuma ce za ta zauna da mai tebur? To an yi a wannan nahiya tamu. A birnin Durban na Afirka ta Kudu akwai wata mahaɗa da ake kira Warwick, inda tashar jirgi da tashoshin mota suka haɗu, mutane kusan rabin miliyan suke ratsawa kullum. Daga tsakiyar shekarun 1990 hukumar birnin ta buɗe ofishin aikin a cikin unguwar, ma'aikata suna zama da 'yan kasuwa sana'a-sana'a. Masu maganin gargajiya aka ba su wata gadar mota da aka fara ba a ƙarasa ba, aka yi mata rufi ta zama kasuwa kuma hanyar ƙafa. Mata masu dafa kan sa aka yi musu wurin girki da magudanar ruwa. Daga baya, a 2009, lokacin shirin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2010, aka so a ba wani kamfani tsohuwar kasuwar kayan gwari ta wurin ya gina katafaren kanti. 'Yan kasuwar suka haɗa kai, suka je kotu, a ƙarshe aka janye shirin. Abin da ya taimake su shi ne suna da ƙungiya, suna da rajista, kuma sun riga sun saba zama a teburin shawara.

Mu ma sai mu san matsayinmu a doka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, kuma ta ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da ake biya ta ginin da ke kai ce da abin da aka kashe a wurin, kuma mai takarda ake nema. Yawancinmu haya muke yi, wasu ma a hannun mai haya. Don haka kowa ya adana rasit ɗinsa na haya da na harajin ƙaramar hukuma, ya nemi yarjejeniya a rubuce ko da shafi ɗaya ce, ya kuma yi katin zama ɗan jiha na LASRRA. Amana tana da kyau, da ita muka gaji ciniki tsakanin fatoma da baƙonsa, amma ranar da aka zo ƙidaya takarda ake tambaya. Har ila yau, gwamnatin jiha tana da tsarin gari da ta zana wa yankin Agege da Ifako-Ijaiye. Ma'aikatar tsara birane tana Alausa, ba nisa. Zuwa da kai ya fi aike.

Wani abu muhimmi, kada mu tafi mu kaɗai. Ranar rusau katafila ba ta tambayar yare. Matar da ke sayar da gari kusa da kai Bayarabiya ce, mai kayan lantarki na gabanka Ibo ne, kuma abin da zai same ka shi zai same su. Idan muka je a matsayin Hausawa kawai, za a ce baƙi ne ke ƙorafi, a sallame mu da alkawari. Idan muka je tare da Iyaloja da Babaloja, da ƙungiyoyin raya unguwa, da kansiloli, da sanin sarakunan gari masu masaukinmu, to magana ta zama ta kasuwa gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ya je neman haƙƙi kuma, ya tafi da abin da zai bayar. Abin da za mu miƙa shi ne alkawarin tsare hanya. A ja layi da fenti a gaban kowace rumfa, ƙungiya da kanta ta hana kaya ƙetare shi, ta ci tarar wanda ya ƙetare, kafin jami'an tsabta su zo. Ku tuna da dokar jiha ta 2003 da ta hana ciniki a kan titi, wadda aka tsananta a 2016, lokacin da aka sanar da tarar naira 90,000 ko ɗaurin wata shida ga mai saye da mai sayarwa. Wannan doka ita ce hujjar da ake fara ɗagawa idan ana son tashin mutane. Malamanmu kuma suna nan, sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ce, kuma ya zo a hadisi ingantacce cewa idan aka yi saɓani a kan faɗin hanya a bar mata kamu bakwai. Tun kafin a san injiniya addini ya yi wa mai wucewa tanadi.

A ƙarshe, muna ba shugabanni shawarar abu huɗu da za a iya gamawa cikin wata uku. A kafa kwamitin mutum tara, a ciki da mata biyu, da wakilin 'yan dako, da biyu daga cikin 'ya'yanmu da suka yi karatun gini ko lauya. A buɗe littafin rajista na duk mai neman abinci a kasuwa, da sana'arsa da shekarun da ya yi a wurin. A sa matasa su tsaya a mashigai na kwana bakwai su ƙirga masu wucewa safe da yamma, su zana inda ƙafa ta fi bi, domin mu je da lissafi a hannu. Sannan a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da ma'aikatar da ke Alausa takarda, tare da sa hannun maƙwabtanmu, cewa muna neman a nuna mana duk wani zane da ya shafi kasuwa da kewayen tasha kafin a sa masa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa shugabanninmu basira, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu daga gobara da asara, ya ba Nijeriya zaman lafiya.